Gawar da Tela Ya Jiƙa

Bokitin ruwa guda wani tela ya sheƙa wa wata ɗaliba, tana kwance a tsakar gida, idanu a rufe.

Alhali lafiyarta ƙalau. Wani tsohon wasan kwaikwayon Turawa suke karantawa a aji, aka ba ta matsayin gimbiyar da ke soke kanta. Shi ne take gwajin mutuwa, da ludayi a madadin wuƙa. Shi kuwa gogan, wanda kullum in ya kawo ɗinki sai ya kalli ƙasa ya arce, yau ya tarar da ita a miƙe.

Ya durƙusa a gabanta. "Kar ki tafi ki bar ni! Wallahi aurenki nake so, kunya ce ta hana ni faɗa!"

Ta buɗe ido ɗaya, ruwa na ɗiga daga hancinta. Ya kalli ludayin, ya kalli littafin wasan da ya jiƙe sharkaf, ya fara laluben ƙofa.

"Au, dama wasa ne?"

"Nawa dai wasa ne. Naka fa?"

Ya juyo ya kalle ta. "Da gaske nake."

"To ka samu Baba yau tun ina da rai. Ba zan riƙa mutuwa kullum don bakinka ya buɗe ba."