Baƙuwa a Ƙafar Baba Sallau

Baba Sallau tela ne, yawan zama a kan keke ya kumbura masa ƙafar hagu. A asibitin unguwa, Saratu ma'aikaciyar jinya ta ɗora madubin gani a sharaɓarsa, sai ga cikin jijiyarsa a fili. Gudan jini ne dogo, kansa a manne, sauran yana reto.

"Idan ya tsinke huhu zai nufa, Baba. Ba za mu jira ba."

Ta zuƙo matsattsaku a allura, wato wata 'yar na'ura da ba ta kai ƙwayar gero ba, ta sake ta cikin jijiyar. Tsohon ya manta da tsoro. Ya zuba ido yana kallon yadda take gwigwiyar gudan har hanya ta buɗe.

"Ikon Allah. To 'yata, ta ina za ta fito?"

"Ba ta fitowa, zama za ta yi tana gadi."

"Kafin wani gudan ya taru, me za ta riƙa ci?"

Saratu ta sauke masa ƙafar wando, ta ce ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba.

Ya taka har gida babu ciwo. A hanya ya tsaya ya sayi balangu, ko da yake ba ya jin yunwa, don kada baƙuwar ta nema ta rasa.