Irin da Ke Cikin Gwangwanin Madara

Wannan misali ne kawai, ba da kowa nake ba, kuma don Allah kar a tambaye ni sunan kowa.

An yi wata tsohuwa mai yanar ido, ba ta ganin komai sai dishi-dishi da launi. Tana da irin furen rana, dogon nan mai kai rawaya kamar faifai, wanda mijinta ya zo da shi daga wata gona da ya yi gadi kafin ya rasu. Duk damina sai ta shuka a bakin rijiyar gidan. Kaka na yi ta yanke kan da ya fi girma, ta shanya, ta murje 'ya'yan ta zuba a gwangwanin madara. Shekara goma sha ɗaya irin bai yanke ba, kuma duk garin ba mai shi sai ita. Da ƙafa ta ƙi, sai ta kira jikarta ta zuba mata rabi a tafin hannu, ta rufe sauran. Ta ce ta shuka bayan ruwa na biyu, zurfin gaɓar yatsa, kuma ta kewaye da ƙaya saboda awaki. Yarinyar ta yi komai, ban da ƙayar. Kullum sai gobe. Ranar da tsiron ya kai ganye huɗu, ta dawo daga makaranta ta tarar da akuya tsaye a wurin tana tauna. Ko ɗaya bai tsira ba.

Lokacin damina ko wata guda ba ta yi ba. Da ta buɗe baki, da an zazzago sauran an sake shukawa, faɗa kawai za ta sha, shi ke nan. To amma irin yaran nan ce da ko murya aka ɗaga musu sai su tsorata. Sai ta tuna da wata ciyawa da ke bakin kwalbati a hanyar makaranta, ita ma rawaya take fure. Ta tono guda shida ta ɓoyo a jaka, ta dasa, wannan karon har da ƙaya mai kyau. Mutanen gidan ba wanda fure ya dama, ba wanda ya lura. In tsohuwar ta ɗago daga tabarma ta ce, "Ƙawata, ya mutanen namu?" sai ta ce, "Suna nan lafiya, Iya," idonta a ƙasa.

Damina ta yi tsakiya, ciyawa ta yi fure. Tsohuwa ta hango rawaya-rawaya a bakin rijiya ta yi hamdala. Ta ce tunda na bana ya kama, na gwangwani ya gama aikinsa, sabo na tafe. Ta sa aka ɗora kasko, ta juye sauran irin duka, ta soya da ɗan gishiri, wai tukuicin mai noma. Yarinyar na tsaye lokacin da ake juyewa. Ta miƙa hannu biyu ta karɓa, da ɗuminsa, ta ce an gode. Ta tauna a gaban tsohuwar, ta haɗiye.

Da kaka ta yi, tsohuwar ta ce a kama ta zuwa bakin rijiya, da hannunta take son zaɓar kai. Ta miƙa hannu sama, inda ta saba samu, ba komai. Ta sauko da hannun tana lalube, har ta kama wani ɗan abu da bai kai murfin kwalba ba. Ta murje a tafin hannu, ta hura, ƙaiƙayi ya tashi. Ta shinshina yatsunta.

"Tun yaushe?"

"Tun yana ganye huɗu, Iya. Akuya ce."

"Kuma kina tsaye na soya."

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Cewa kawai ta yi a mai da ita ɗaki. Gwangwanin yana nan a kan taga har yau, ba ta yar ba, ba ta kuma sa komai a ciki ba. Yarinyar in ta shiga shara, ba ta iya ɗaga kai wajen tagar nan.

Akuya dai rabi ta ci. Sauran rabin, shirun yarinyar ne ya cinye. Watanni ta yi tana wa ƙarya shinge tana cire mata ciyawa, ta kuwa yi kyau daga nesa, amma ranar da aka zo neman iri sai ƙaiƙayi. Gaskiyar Hausawa da suka ce, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.