Murya ta Arba'in da Ɗaya

Akwatin bai fi sabulun wanka girma ba, amma da hannu biyu Baba Fadipe ya ɗauke shi. Ya ajiye shi kusa da tsohon akwatin, ya haɗa wayoyi.

Shekara talatin ya yi yana haɗa sauti a wani gidan rediyo a Ibadan. Cikin duk abin da ya naɗa, waƙa ɗaya ce tak mai ɗauke da muryar matarsa Morenike: waƙar bikin girbi ta cocinsu da ke Mokola, mawaƙa arba'in, ita tana layin baya. Shi da kansa ya kafa makirufo ranar, kuma a gaba ya kafa shi, saitin masu zaƙin murya. Tun da aka binne ta wannan kuskure yake cinsa. Kullum ƙarfe huɗu na yamma sai ya zauna, ya juya wa tagar kicin baya, ya sa hedifon, yana laluben matarsa cikin taron muryoyi. Shekara biyu bai same ta ba.

Hedifon ɗin irin na tsofaffin ma'aikata ne, bayansa a buɗe kamar rariya, sauti yana fita yana shiga. Duk wanda ke gidan ya haddace waƙar ko bai so ba.

'Yarsa Ibidun ce ta kawo sabon akwatin daga kasuwar Dugbe. Masu shago sun ce mata shi ake kira DAK, aikinsa mayar da waƙar kwamfuta ta zama sauti, kuma wannan ya fi na araha fito da abin da ya ɓuya. Ibidun ba ta san kan waya ba. Abin da ta sani shi ne mahaifinta ya daina gama tuwonsa na amala, wandonsa kuma ya fara zamewa. Ita ma tun rasuwar ta bar ƙungiyar mawaƙa, ko a wajen wanke-wanke ba a ƙara jin ta ba.

Ranar farko ya saurara har ƙarshe, ya cire hedifon, ya zauna yana kallon bango. Ibidun ta ɗauke kwanon da bai taɓa ba, ta koma kicin.

Rana ta biyu, a tsakiyar baiti na uku, ya miƙe zumbur har kujera ta faɗi.

Da gari ya waye ya kira Adisa, tsohon abokin aikinsa, mutumin da ba ya yarda da abin da na'urar awo ba ta nuna ba.

"Injiniya, tsufa ne ya kama ka," in ji Adisa yana karkaɗe laimarsa. "Akwatin araha da na tsada, kunnen ɗan shekara saba'in ba ya raba su. Ni da kai muka koya wa mutane haka."

"Tana ciki, Adisa. Can baya, ta hagu. Ba ta furta kalmomi, rerawa take a maƙogwaro, yadda take yi in tana tsince wake."

Adisa ya yi dariya, amma ya ci gaba da zuwa. Abin da yake ji daga bakin abokinsa ya fara hana shi sukuni. Ran Talata Fadipe ya ce ta ja numfashi kafin amin, ran Alhamis ya ce bayan amin ta ja. Wata rana ya ce da alama mura take yi. Adisa ya san abu ɗaya tabbas: abin da aka naɗa ba ya sauyawa. A makon da Ibidun ta tafi Oshogbo biki kuwa, muryar ta ɗauke ɗif. Fadipe ya ɗora laifin kan wutar janareta, ya koma barin abinci har wuta ta daidaita.

Adisa ya yanke shawarar raba gardama yadda suke yi a wajen aiki. Ya sa Fadipe ya rufe ido, ya ce zai riƙa sauya akwati ba tare da ya faɗa masa ba. Ibidun ta kawo musu ruwa, ta dubi wayar da ke hannun Adisa.

"Baba Adisa, in ya faɗi jarrabawar fa?"

"Sai ya san gaskiya, 'yata."

Ta fita.

Adisa ya zare waya daga sabon akwati ya mayar a tsohon, ya kunna. A baiti na uku hawaye ya gangaro wa Fadipe.

"Sabon ne. Ga ta nan."

Tausayi ya kama Adisa, har ya buɗe baki zai faɗa masa. Sai ya fasa, ya karɓi hedifon ya ɗora a kansa, ya mayar da baitin baya don ya ji da kunnensa cewa babu komai.

Mawaƙa suka ɗauka. Can baya, ta hagu, wata murya ta bi su a hankali. Ya san muryar Morenike, ya ci abinci a gidanta shekara talatin. Ya danna ya tsayar da waƙar. Mawaƙa arba'in suka yi tsit.

Muryar ba ta tsaya ba, sai da ta ƙara rabin layi.

Adisa ya waiwaya a hankali. Ta tsakanin gilasan tagar kicin ya hango Ibidun, ido a rufe, hannu a ƙirji, hawaye har haɓa, tana ƙarasa baitin mahaifiyarta da baki a rufe.