Kujera ta Biyu

Matata ta rasu ranar Talata, ranar da take ganin likitar ƙwaƙwalwa.

Shekara ashirin tana tambayata, "Malam, barina za ka yi?" In na makara minti goma sai ta fasa kofi, ta yi kuka, ta roƙi gafara. Ni kuwa in jero mata hujjoji, ɗaya, biyu, uku, kamar ina gaban ɗalibai.

Likitar ta koya mata damƙe ƙanƙara a hannu har zuciya ta sauka. Ni kuma ta ce mini, "Malam, ba hujja take nema ba. Ka ce ka ji ta, kana nan. Ga kujerarka, shigo mu gwada."

Na ce, "Likita, na karanta littattafan da kika karanta, har da waɗanda kika tsallake."

Kowace Talata a mota nake jira, da littafina. Wata goma sha huɗu tana shiga ita kaɗai. Kofuna suka daina fashewa, na ce girma ne ya zo. Sai hawan jini ya ɗauke ta.

Yanzu zama ya gagare ni. Falo, kicin, falo, ina buɗe firij ina rufewa. Jiya na shiga ɗakin likitar. Na zauna, ta nuna mini ɗaya kujerar, wadda matata ta saba zama a kai.

Ta ce, "Faɗa mata."

Hujjoji suka yi layi a bakina, na haɗiye su. Kalma biyar ce kacal, ko ɗan aji ɗaya zai iya:

Na ji ki. Ina nan.