Kafin A Shafe Bango

"Ga masu filasta can tsaye suna jira, Zorka! Wace waya kuma?"

Branimir ji yake kamar ya fashe da kuka. Ya gama jan siraran wayoyin fitilu da na ɗumama ɗaki a sabon gidansu, amma kullum sai matarsa ta ƙaro wata. Jiya mai kashe murhu da kanta, yau mai yin ƙara idan an buɗe ƙofa.

"Haba Zorka, yara sun girma sun tafi. Wa za mu tsare?"

Ta riƙe hannunsa gam.

"Ranar da na daɗe a kasuwa, ba ciniki ya tsayar da ni ba. Hanyar gida ce ta ɓace mini. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma wannan somin taɓi ne."