Shantun Iya da Zumar da Ta Ɓace

Saura kwana uku bikin yayata a Tsauni, ni kuwa na ci alwashin sai na yi waƙa da shantu a gaban mata. Hannuna ya iya kiɗin sarai, amma da na buɗe baki sai ya tsaya cak.

Da la'asar kakata Iya ta zaunar da ni a gindin rumbu, ta miƙo mini nata shantun. Ya yi baƙi don tsufa, yana ƙanshin hayaƙi da man shanu. Ta ce in yi ta bugawa a cinya, kada in tsaya ko gobara ta tashi a Matameye.

Ina cikin yi sai ta ce, "Ke kika lashe mini zuma jiya."

"Ni? Wallahi ban taɓa ba, Iya!"

"Na ga ƙuda na bin bakinki."

Na yi ta rantse-rantse, na lissafa duk wanda ya shiga ɗakinta, har da akuya. Sai ta fashe da dariya.

"Dubi hannunki, uwar rantsuwa."

Ashe shantu na ta tafiya, bai tsaya ko sau ɗaya ba! Na ƙwala ihu har kaji suka watse.

Ta ce, "To, bar faɗan, ɗauko waƙar."

Na ɗauko, ta hau kiɗin daram. Har magariba ban ajiye shi ba.

Yau jikokina nake ɗora wa irin wannan sharri. Zumar kuwa, Allah ya yafe mini, ni na lashe ta.