Jirgin da Ya Sauko daga Kwazazzabo

Tun da Murja ta kawo hotunan kwazazzabon gida, mahaifiyarta Amamata ta daina cin abinci a falo. Sai ta ɗauki kwanonta ta shige kicin, wai hotunan jiri suke sa ta.

Murja ba ta kawo komai a ranta ba. Ɗaliba ce a wata jami'a a unguwar Bloomsbury ta birnin London, kuma bincikenta kaf a kan wurin nan yake: wani tsagin dutse a tsaunukan Alps, mai zurfin da rana ba ta kai ƙasansa. Da can makiyaya ma kewaye shi suke yi. Da aka ja layin dogo har bakinsa, aka kafa gadar katako a jikin dutsen, sai Turawa suka yi ta tururuwa don su je su tsorata kansu. Saboda feshin ruwa, tun a tasha ake ba kowa rigar leda mai faɗi, ya zura ta har kan jakar bayansa. Duk hoton da ka ɗaga, mutane ne masu doro.

Haka take wuni tana dubansu, tana murza tabon da ke gefen hannunta, wanda Amamata ta ce wuƙa ce ta yanke ta tana rarrafe.

Ragar ƙarfen da ke jikin gadar kuwa, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka sa ta, bayan wata jaririya ta ɓace.

Uban jaririyar yana nan London, a unguwar Lewisham. Rwang sunansa, mutumin Jos, tsohon direban bas. Ranar da Murja ta gabatar da lacca kan kwazazzabon, ya jira kowa ya watse sannan ya matso. Ya ce tare da 'yan cocinsu suka je, shi da matarsa Tina. Ta ajiye kwandon yarinyar a kan benci don a ɗauke su hoto, suna juyowa suka ga kwandon a kife kusa da shinge, babu kowa ciki. 'Yan sanda sun tsare jirgin da ke saukowa, sun duba kekunan yara da akwatuna da hannun kowa. Da ba su ga komai ba, suka ce ruwa ya tafi da ita.

A ranar ya faɗa wa Tina maganar da ba ta janyuwa. Har ta rasu ba su ƙara zaman daɗi ba.

"Kachollom sunanta," in ji shi. "Tana da cindo a hannun hagu. Ni dai in san ruwan ne ya ci ta ko ba shi ba, kafin in bi uwarta."

Tausayinsa ya kama Murja ƙwarai. Ta yi masa alkawarin za ta nemo hotunan ranar, don a lokacin akwai mai hoto a tasha da ke ɗaukar duk fasinjan da zai hau jirgi.

A gida ta kwashe labarin ta faɗa wa Amamata, rabi Hausa rabi Turanci, yadda ta saba. Amamata 'yar zangon Kumasi ce. Ta yi shekaru tana wankin zannuwan gado a otal-otal na Turai kafin ta shigo London da 'yarta, kuma ba ta son a tambaye ta garuruwan. Ta saurara tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

"Ka bar mutanen nan da abin da Allah ya rubuta musu," ta ce, da Hausarta ta zango wadda kowa "kai" ne.

Murja ta ce ai sakacin 'yan sanda ne, da suka yi binciken a gurguje a tashar sama.

"A tashar ƙasa suka tsayar da jirgin," in ji Amamata.

Murja ta duba, haka ne kuwa. Ta yi dariya, ta ce Mama ta fara fin ta karatu. Amamata ba ta yi dariyar ba.

Iyalan mai hoton suka aiko da tsofaffin finafinan kyamararsa. Da safen da za a buɗe su, Amamata ta raka ta har ƙofar gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta riƙe ta ƙam, ta roƙi Murja ta yafe mata duk abin da ta yi mata. Murja ta ce, "Mama, tube kawai zan shiga," ta fice tana sauri, ta nufi tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa.

A ɗakin kwamfuta Rwang ya zauna gefenta, hularsa a gwiwa. Fasinjoji suka riƙa wucewa a allo ɗaya bayan ɗaya, kowa da doronsa. Can ya ce ta tsaya.

Wata mata ce ta ba da baya, tana shirin taka matakalar jirgi. Doronta bai yi kama da na sauran ba. Ya sauko ƙasa, ya zauna a kan ƙugu, ita kuma ta ɗan sunkuya, hannunta ɗaya ya zagaya baya yana tallafe da shi. Baturen ɗan sanda zai ga jaka. Duk wanda aka taɓa goyawa kuwa ya san wannan tsayuwar, sai dai a ranar 'yan gida, mutanen cocin su Rwang, duk suna sama suna leƙen ruwa.

Murja ta ƙara girman hoton. Ta tsagar rigar ledar wani ɗan hannu ya leƙo, yatsunsa shida.

Rwang ya fashe da kuka. Ita ma idonta ya cika, ta danna hoto na gaba don su ga fuskar matar.

Matar ta waiwayo. Murja ta san goshin nan, ta san wushiryar nan, ɗazu ma suka rabu a bakin ƙofa. Ta kasa motsi, yatsanta yana ta murza tabon.

Rwang ya bar kallon allon. Ya kama hannunta na hagu a hankali, ya juya shi, ya shafa inda aka yanke yatsa na shida, ya ce, "Kachollom."